Wane But Ya Dace da Filayen Katsina?

Idan 'yan ƙwallo suka ce but, suna nufin takalmin da ke da ƙusoshi a ƙasansa domin ya kama fili, ba kambas na atisaye ba. Waɗannan ƙusoshi ne ya kamata mai saye ya fara dubawa, kafin launi ko sunan kamfani.

A jikin kwali ana rubuta haruffa biyu da ke nuna filin da aka ƙera takalmin dominsa. Mai alamar SG yana da dogayen ƙusoshi, galibi shida masu kan ƙarfe, kuma an yi shi ne saboda ciyawa mai laka. Irin ƙusoshin nan da ake murzawa a cire sun yi suna a shekarar 1954, lokacin da Jamus ta Yamma ta doke Hungary da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin duniya ana tafka ruwan sama. Amma a filin unguwa na Katsina ko Daura, inda ƙasa ke zama fako tun daga ƙarshen damina, ƙarfen ba ya nutsewa, sai nauyin jiki ya taru a wurare shida kacal, tafin ƙafa ya yi zafi, idon sawu kuma ya riƙa gocewa. Ba na ba kowa shawarar sayensa a nan.

Mai alamar FG, wanda ya fi yawa a kasuwa, na busasshiyar ciyawa ne, kuma tsakuwa tana saurin cinye ƙusoshinsa na roba. AG na ciyawar roba ne. Wanda na fi amincewa da shi ga yaron da ke wasa a fako da yashi shi ne TF, domin ƙasansa cike yake da ƙananan ƙusoshi gajeru masu raba nauyi daidai, ga shi yana jure wahala.

Gwanjo mai kyau yakan fi sabon jabu ƙarko, muddin an lanƙwasa shi an ga gam bai buɗe ta wajen yatsu ba, kuma ƙusoshin dunduniya ba su cinye ta gefe ɗaya ba. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi wasa da ita. Iyaye kuma su daina saya wa yaro takalmin da ya yi masa girma da nufin ya girma a ciki, domin ƙafar da ke yawo cikin takalmi ita ke yin bororo.