Ofishin shirya saƙon kamfen a Maradi: abin da suka iya da inda suka yi tuntuɓe

A zaɓen 'yan majalisar dokoki na ranar 27 ga Disamban 2020, kawuna ya tsaya takara, kuma ni aka ɗora wa hulɗa da wani ƙaramin ofishi da ke kusa da babbar kasuwar Maradi, wanda ke shirya wa 'yan takara tallar rediyo da fastoci da gajerun saƙonnin murya na WhatsApp. Tun da aka rusa jam'iyyu a watan Maris na 2025 ofishin ya koma tallar 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma, kuma da yake wasunsu na tambayata ko za a iya ba shi amana, na ga ya dace in faɗi abin da na gani.

Gwanintarsu ita ce sauko da labarin tattalin arziki zuwa bakin mutane. A zaman farko kawu ya zo da takardun da uwar jam'iyya ta aiko daga Yamai, cike da alƙaluman bunƙasar arziki da batun man fetur na yankin Agadem. Mai ofishin ya duba su, ya ajiye a gefe, ya ce: "Alhaji, ranka ya daɗe, matar da ta zo awo ba ta tambayar wannan, tana tambayar nawa tiyar hatsi take yau." Daga nan kowace safiya suna tura yaro kasuwa ya jiyo kuɗin tiyar gero da ta wake da canjin naira da sefa, sannan su gina saƙon yini a kan haka, da Hausar Katsinawa da Gobirawa wadda ba ta da ƙamshin fassara daga Faransanci. Sun kuma san lokacin da ake kunna rediyo a ƙauye, shi ya sa suka hana mu ɓarnar kuɗi a kan tallar tsakar rana, suka tattara ta bayan sallar magariba da ranakun da kasuwannin karkara ke ci.

Inda suka ba ni kunya shi ne batun iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agustan 2019, kuma babu garin da ya ji jiki kamar Maradi, wanda cinikinsa ya rataya a kan hanyar Dan Issa zuwa Jibiya da Katsina. Ranar 16 ga Disamban 2020, kwana goma sha ɗaya kafin zaɓe, aka ji cewa Abuja ta buɗe iyakoki huɗu. Kafin gari ya waye ofishin ya haɗa talla mai cewa iyaka ta buɗe, wahala ta ƙare, har da kiɗan kalangu a ƙarƙashin muryar. Ba su tsaya sun karanta jerin ba: a ɓangarenmu Illela da Maigatari ne aka buɗe, wato hanyoyin Konni da Damagaram, ita kuwa Jibiya sai a watan Afrilun 2022 aka sake ta. Direbobi da 'yan canji sun san gaskiya tun kafin mu, kuma da muka isa wata tasha da amsa-kuwwa a bayan babur, wani dattijo ya ce da kawu cikin ladabi: "Alhaji, in ta buɗe, ga kayana nan, ka kai mini Katsina." Kwana biyu muka yi muna janye saƙon, amma abin da ya shiga WhatsApp ba ya dawowa.

Da na koma da ƙorafi, sun amsa laifi, sun sake wata tallar ba tare da ƙarin kuɗi ba, sai dai har aka kammala kamfen ban ga sun ɗauki mutum guda mai tantance labari kafin a naɗi murya ba. Kuɗinsu ma ba na wasa ba ne, kuma suna karɓar rabi tun kafin a fara aiki. Fastocinsu matsakaita ne, launinsu yana koɗewa cikin mako guda a rana.

Wanda ke son a tallata masa takin zamani ko man gyaɗa da harshen da manomin Tibiri zai saurara, zan tura shi wurinsu. Amma duk jimlar da ta ƙunshi farashi, ko kwanan wata, ko sanarwar hukuma, ya karɓi rubutun ya bincika da kansa kafin su shiga ɗakin naɗi, domin su ba za su yi ba.