Sharhina kan yawon ƙafa a unguwar Wright-Dunbar, inda masu gyaran keke suka haɗa jirgin sama

Jama'a na daɗe ina cewa zan rubuto muku labarin zuwanmu Dayton ta jihar Ohio a Amurka, sai yau Allah ya yi. Ranar Asabar ce muka taso daga Columbus ni da ƙanina da yarona, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota, niyyarmu kawai mu zaga unguwar nan da Wilbur da Orville Wright suka girma a cikinta, wato wa da ƙanin da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903. Tun farko in faɗa muku wajen ya cancanci zuwa, kuma a ƙafa ake jin daɗinsa, in ka bi ta mota minti 3 ka wuce ba ka ga komai ba.

Mun fara da cibiyar baƙi da ke titin South Williams, hukumar kula da wuraren tarihi ta gwamnatin Amurka ce ke riƙe da ita, shiga kyauta ne ko sisi ba mu biya ba, suka ba mu taswira suka nuna mana ɗan gajeren fim. Ginin da kansa tarihi ne don a benensa ne su Orville suka yi sana'ar ɗab'i daga 1890 zuwa 1895, ashe kafin keke ma buga jarida suke yi, ni wallahi ban san wannan ba sai ranar. Akwai kuma sashen laimar saukowa daga jirgi, yarona can ya maƙale, ni dai hankalina na kan shagon keken da ke daf da wajen.

Shagon nan mai lamba 22 shi ya fi taɓa ni, kuma akwai dalili. Babana gyaran keke ya yi fiye da shekara talatin a Kano, da kuɗin faci da gyaran birki ya biya mana makaranta, na taso ina riƙe masa tuf a cikin ruwa muna neman inda kumfa ke fita. To da ma'aikaciyar wajen ta buɗe mana ƙofa na ga teburin aiki da sifana da tayoyi a rataye da injinan da bel ke juyawa, sai na ji kamar na shiga rumfar Baba, bambancin kawai wannan ginin bulo ne mai hawa biyu. A nan su Wright suka yi sana'a daga 1895 zuwa 1897, a nan suka fara ƙera kekensu na kansu maimakon sayar da na wasu, suka sa masa suna Van Cleve, kuma suna wannan shagon ne a 1896 labari ya zo cewa Bajamushen nan Otto Lilienthal mai gwajin tashi da fukafukai ya faɗo ya mutu, daga nan maganar tashi sama ta fara cinsu a rai.

Matar nan ta iya bayani gaskiya, ba irin na haddace ba. Ta ce mu duba keke da kyau, abu ne da ba ya iya tsayuwa da kansa sai mahayi ya daidaita shi, in za ka sha kwana sai ka karkata jikinka, to su da wannan tunanin suka tunkari jirgi, yayin da wasu ke ta neman inji mai ƙarfi su matsalar sarrafawa suka sa a gaba. Ta ɗauko wani dogon kwali irin na tuf ɗin keke ta murɗa bakinsa biyu, ta ce haka Wilbur ya yi a 1899 ya gane cewa in aka murɗa fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa jirgi zai karkata inda ake so. Ta miƙa wa yarona ya murɗa da hannunsa. Hatta farfelar jirgin 1903 sarƙa ce ke juya ta irin tsarin na keke, injin kuma makanikensu Charlie Taylor ne ya haɗa shi cikin sati shida, ƙarfin doki 12 kacal. Duk abin bai ci musu dala 1,000 ba, alhali wani masanin kimiyya Samuel Langley da ma'aikatar yaƙin Amurka ta ba dala 50,000 nasa jirgin cikin kogin Potomac ya faɗa kwana 9 kafin nasu ya tashi. Su biyun kuma babu wanda ya karɓi takardar gama sakandare.

Daga nan muka fita da taswira mu kaɗai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kusancin komai, daga shago zuwa filin gidansu a lamba 7 titin Hawthorn bai wuce tafiyar minti biyar ba, kenan mutum ya karya kumallo ya tako shago ya koma cin abincin rana, a wannan ɗan tsakanin aka yi duk tunanin. A gidan ne suka zauna da mahaifinsu Milton wanda bishop ne da ƙanwarsu Katharine malamar makaranta, a nan kuma Wilbur ya rasu a 1912 da zazzaɓin taifod yana da shekara 45.

Amma fa ku shirya ranku, gidan ba ya nan. Shi da shagon lamba 1127 a titin West Third, wanda a cikinsa ne aka gina jirgin 1903 ɗin aka kuma yi gwajin siffofin fiffike kusan 200 a cikin akwatin da ake hura iska ta cikinsa a 1901, duka biyun Henry Ford mai kamfanin motocin Ford ya saya a shekarun 1930 aka kwashe su aka kai gidan tarihinsa a Dearborn ta jihar Michigan. Ɗakin gwaje-gwajen Orville na titin Broadway shi kuma rushe shi aka yi a 1976. To sai ka tsaya gaban fili da allon bayani kana ƙoƙarin hango abin a ranka, gaskiya na ji ba daɗi a nan, irin yadda nake ji in na ga an sare wani ɓangare na badala an kafa shaguna. Wannan shi ne raunin yawon, rabin abin da ka zo gani alama ce kawai.

Sai muka nufi arewa gidan Paul Laurence Dunbar, kamar minti 15 a ƙafa, rana ta yi zafi kuma inuwa ba yawa, ku riƙe ruwa. Shi ne rabin sunan unguwar, marubucin waƙoƙi ne baƙar fata wanda iyayensa sun yi bauta a Kentucky, ajinsu ɗaya da Orville a sakandare kuma shi kaɗai ne baƙi a ajin. A 1890 su Wright ne suka buga masa jaridarsa ta baƙaƙen fatan garin. Duk da basirarsa aikin tuƙa lif ya samu bayan makaranta saboda launin fatarsa, daga baya sunansa ya zaga Amurka ya sayi wannan gidan ya zauna da mahaifiyarsa Matilda, tarin fuka ya kashe shi a 1906 yana da shekara 33, ita kuma ta ci gaba da zama a ciki har 1934 tana adana ɗakinsa da littattafansa. Na shigo don jirgi amma a wannan gidan ne hawaye ya kusa zubo min, tsohuwar nan shekara 28 tana share ɗakin ɗanta. Ba kullum ake buɗe gidan ba, ku duba ranaku da lokaci kafin ku taso.

A hanyar dawowa za ka ga unguwar ta sha wuya, ambaliyar 1913 ta taɓa ta, daga baya manyan tituna suka ratsa yankin mutane suka watse, yanzu dai an gyara gine-ginen bulo na titin West Third akwai shaguna da wajen cin abinci, mutanen da muka gamu da su kuma sun gaishe mu da fara'a. Mu abincinmu muka taho da shi, muka yi azahar a gefen mota kan ciyawa ba wanda ya dame mu.

In maki ne zan ba shi 4 cikin 5, ɗayan na cire ne don gine-ginen da babu. Awa uku ya ishe ka, ka sa takalmi mai daɗin tafiya, kuma kada ka zo da tsammanin ganin jirgi a nan, jirginsu na 1905 yana gidan tarihi na Carillon a wani ɓangaren garin, filin Huffman inda Wilbur ya yi minti 39 a sama a Oktoban shekarar shi ma sai da mota, mu lokaci bai ba mu ba sai wani zuwan.

Da daddare na tura wa Baba hotunan shagon ta WhatsApp, na ce masa Baba shekara 22 kacal tsakanin tashin farko na daƙiƙa 12 da saukar jiragen sojan Ingila a Kano a 1925, kuma abokan sana'arka ne suka fara. Ya daɗe bai amsa ba, can sai ga saƙon murya, bai ce komai kan jirgi ba, cewa ya yi in ƙara girman hoton teburin aikin yana son ganin irin sifanar da suke amfani da ita.