Sharhi a kan faifan Ride On na Christy Moore

Faifan Ride On, wanda mawaƙin ƙasar Ireland Christy Moore ya fitar a 1984, ba shi da yawan kayan kiɗa. Jita ce da murya suka ɗauki nauyin aikin, kuma hakan ya ba kalmomi sarari su shiga kunne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne waƙoƙi biyu da Bobby Sands, ɗan ƙungiyar IRA mai yaƙi da mulkin Birtaniya a Arewacin Ireland, ya rubuta a kurkuku kafin ya mutu a 1981 bayan yajin cin abinci na kwana 66. Ɗaya daga cikinsu, "Back Home in Derry", tana ba da labarin fursunonin da Turawan Ingila suka kwasa a jirgin ruwa zuwa Ostireliya, kuma Moore ya rera ta cikin natsuwa, ba tare da kumfar baki ba, abin da ya ƙara mata nauyi. Ban da waƙoƙin Sands, wata waƙar tana ambaton sunayen 'yan Ireland da suka yaƙi dakarun Janar Franco a yaƙin basasar Sifaniya, wata kuma ta tuna da yunwar da aka yi a Ireland a 1847.

Aibinsa a wurina guda ne: barkwancin waƙar "Lisdoonvarna" cike yake da sunayen da baƙo ba zai gane ba.