Oba-oba ko wayar hannu: wanne ke riƙe tseren miƙa sanda a hamada?

Malam, barka da war haka. Ka ce ka ga hotunan tseren miƙa sanda da 'yan sanda ke yi a Amurka daga Baker zuwa Las Vegas, ka ga mutane zaune a bakin titi da dogayen eriya da na'urorin oba-oba, har kake tambayar me ya hana su amfani da wayar hannu, alhali ga ta a aljihun kowa. Bari in ajiye maka su biyun kusa da juna ka gani, amma sai mun fara da hanyar tukuna, domin ita ce ke yanke hukunci.

'Yan sandan Los Angeles ne suka faro wannan tsere a 1985. Tsawonsa mil 120, kimanin kilomita 193, an raba shi zango 20, kowace ƙungiya na da mutum 20, kowa ya ci zangonsa ya miƙa wa na gaba sanda. Ana tashi a kan babbar hanya mai lamba 127, arewa da garin Baker a jihar Kalifoniya, cikin hamadar Mojave. A bi ta ƙauyen Shoshone, a tsallaka jihar Nevada ta garin Pahrump, a haura tudun Mountain Springs mai tsayin sama da mita 1,600, sannan a gangara Las Vegas. Ana farawa ranar Asabar rukuni-rukuni, daga safe zuwa yamma, a kwana ana gudu, a ƙare da safiyar Lahadi. Ƙungiyoyi sama da 200 ke shiga, kowace da motar da ke bin ɗan gudunta a baya. Zafin yankin kuwa ba sai an faɗa ba. A garin Baker akwai ma'aunin zafi mai tsawon ƙafa 134, wanda aka gina don tunawa da zafin da aka auna a kwarin Death Valley da ke yankin a 1913, digiri 134 a ma'aunin Fahrenheit, wato kusan digiri 57 a ma'aunin da muka saba. Da dare kuma a kan tudu sanyi ne mai shiga ƙashi.

To, wayar hannu ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. Ko kuna tsaye kafaɗa da kafaɗa, sai muryarka ta je ƙarfen sabis ta dawo. Kamfani kuma ba ya kafa ƙarfe sai inda yake da masu saye, shi ya sa a dogon dajin nan sabis kan yi rauni, a wasu wurare ya ɗauke ɗungurungum. Inda ma akwai ƙarfen, an yi shi ne daidai da jama'ar ƙauye, sai ga dubban baƙi sun sauka a dare ɗaya. Ka dai san yadda layi ke cushewa ranar sallah bayan an sauko idi. Hakan ta faru a tseren Boston ranar 15 ga Afrilun 2013 da bama-bamai suka tashi: kowa ya ɗauki waya a lokaci guda, kira ya ƙi shiga, masu rediyon da ke tsaye a kan hanya kuwa, wato masu aiki da oba-oba don sha'awa irin waɗanda ka gani a hoton, suka ci gaba da aikinsu.

Shi mai rediyo sabis ɗinsa yake tahowa da shi. Galibi da igiyar rediyo mai tsawon mita 2 suke aiki, wato tsakanin megahaz 144 da 148, ko kuma mai tsawon santimita 70. Ta hannu kan ba da wat 5, ta mota wat 50, batirin mota ɗaya kuma ya isa ya kwana da ita. Idan nisan ya fi ƙarfinta, akwai na'urar maimaitawa da ake ɗorawa a kan dutse: tana saurare a mita ɗaya, tana sake watsa abin da ta ji nan take a wata mitar da ƙarfi. Inda babu ta dindindin, su ɗauko tasu su kafa ta kwana biyu su kwashe. Amma ita ma tana da nata ciwon. Irin wannan igiya kusan miƙe take tafiya kamar gani, tudu ya gitta sai murya ta yanke. Maganinsa a ajiye mutum ɗaya a kan tudun, ya ji daga wannan gefe ya faɗa wa wancan. Tsohuwar sana'arsu ce wannan. Babbar ƙungiyarsu ta Amurka, ARRL, da aka kafa a 1914, kalmar miƙa saƙo na cikin sunanta, saboda a lokacin daga tasha zuwa tasha ake miƙa saƙo har ya isa. Kenan su ma tun asali 'yan miƙa sanda ne.

Duk da haka, ni a wurina babban bambancin ba a sabis yake ba. Ko da za a dasa ƙarfe a kowane kilomita, zan zaɓi rediyo, ga dalili. Waya mutum ɗaya take haɗa ka da shi. Rediyo kuwa ka danna sau ɗaya, kowa ya ji.

Ɗauki misali. Ƙarfe biyu na dare a wani zango kan tudu, mai rediyo na zaune a kujerar ninkewa, ga batir a gindin tebur, ga eriya ɗaure a jikin sanda, fitilar goshi na haska littafin da yake rubuta lambar duk wanda ya miƙa sanda da lokacinsa. Sai ɗan gudu ya iso ya zube. Mai rediyon ya danna ya kira cibiyar da ke kula da duk zanguna, ya faɗi sunan zangonsa, ya ce yana da gaggawa. Nan take duk sauran zanguna su yi tsit. Ya faɗi lambar ƙirjin mutumin, da inda yake, da halin da ake gani a jikinsa. Mai cibiya ya maimaita don a tabbatar, ya rubuta lokaci, ya tura masu jinya mafi kusa. A cikin wannan magana ɗaya, masu jinya sun ji, zangon baya ya ji ya san mota za ta wuce da gudu ya buɗe mata hanya, zangon gaba ya ji, shugabannin tsere sun ji. Da waya ce, kira biyar ko shida ke nan, wani layinsa na aiki, wani ya yi barci, wani bai san lambar ba ya ƙi ɗauka.

Za ka ce ai akwai zauren WhatsApp. Gaskiya ne, amma saƙo a zaure yana jiran wanda zai duba, kuma kowa na zuba nasa a lokaci guda, har muhimmin ya nutse a ƙarƙashin hotuna. A rediyo akwai madugu. Mai cibiya shi ke ba da izinin magana, shi ke cewa wane dakata, wane shigo, kuma lokaci-lokaci yakan kira zanguna ɗaya bayan ɗaya ya ji kowa na nan. Zangon da bai amsa ba, an san da matsala, a tura a duba. Waya idan ta yi shiru ba wanda ya san ko lafiya ce ko akasinta. Wannan ladabin magana shi ne abin da masu rediyo ke kawowa wanda ba a sayensa a kanti, kuma a irin waɗannan taruka suke goge shi don ranar ambaliya ko gobarar daji.

Yanzu inda waya ta fi. Sirri dai nata ne. Dokar hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta hana masu rediyon sha'awa ɓoye ma'anar saƙonsu, don haka duk mai na'urar saurare zai ji abin da suke faɗa. Shi ya sa ba a kiran sunan majinyaci a iska, lamba kawai. Idan za a gaya wa iyalinsa, ko likita zai yi doguwar magana da asibiti, sai waya. Hoto da bidiyo da taswira ma nata ne. Sannan a mita ɗaya mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, mai dogon surutu ɗaya ya isa ya tsare hanya. Waya kuma ba ta buƙatar lasisi. Rediyon sai da shi: matakin farko a Amurka jarrabawa ce mai tambaya 35, sai ka ci 26, a ba ka lambar kira wadda dole ka faɗa duk minti goma da kuma ƙarshen magana.

Wajen sanin inda motoci suke, kusan kunnen doki suke inda akwai sabis. Inda babu, manhajar waya ta makance. Masu rediyo na da tsarin APRS, wanda marigayi Bob Bruninga ya ƙirƙiro: ƙaramar na'ura a mota na karɓar matsayinta daga tauraron ɗan'adam, tana harba shi ta rediyo a megahaz 144.390, tasha ta miƙa wa tasha har ya bayyana a taswirar cibiya.

Kada kuma ka haɗa su da ƙananan oba-oba na kanti da ake saya ba lasisi. Waɗancan a Amurka ba sa wuce wat 2, eriyarsu a manne take ba a sauya ta. Suna da amfani tsakanin motoci biyu na ƙungiya ɗaya, amma ba za su haɗa kilomita 193 ba. Abin da ke matso rediyo da gaske shi ne tauraron ɗan'adam: na'urori irin Garmin inReach, da wayoyin iPhone da suka fara aika saƙon gaggawa ta tauraro tun 2022, da Starlink. Ban raina su ba, sun toshe ramin rashin sabis sosai. Sai dai yawancinsu saƙon rubutu ne daga mutum zuwa mutum, da kuɗin wata, kuma ba su zo da madugu ba.

Batun kuɗi ma abin dubawa ne. Doka ta hana mai rediyon sha'awa karɓar lada a kan aikin sadarwarsa. Mutanen da ka gani a hoton da man motarsu suka zo, da kayan da suka saya da aljihunsu, suka kwana a sanyi don wanda ba su sani ba ya isa gida lafiya. Wannan yana taɓa ni ƙwarai. Haka ake yi a tseren Hood to Coast na jihar Oregon, mai kusan mil 200 da zango 36, musamman a duwatsun da ke kusa da teku inda sabis ke ɓacewa.

Don haka da ni ke shirya irin wannan tsere, rediyo zan ɗora wa lafiyar 'yan gudu da tafiyar zanguna, in bar wa waya sirri da hotuna da hira da iyali. In kuma kana tunanin gwada wani abu makamancinsa a gida, fara da bin hanyar da mota da layuka biyu ko uku, kana rubuta duk inda sabis ya ɗauke. Sannan ka nemi masu lasisi, waɗanda lambar kiransu ke farawa da 5N a Najeriya ko 5U a Nijar, ka kuma sanar da jami'an tsaro a rubuce tun da wuri, domin a halin da ake ciki ganin oba-oba a hannun farar hula a bakin daji yana iya jawo tambayoyi.