Gajeren mariƙin lamba: na ainihin ƙirar babur ko mai shiga kowane babur?

Ɗan'uwa, ka ce kana so ka cire doguwar jelar robar da ke bayan Yamaha MT-07 ɗinka, wadda ke ɗauke da lamba da sigina, ka sa gajeren mariƙi, kuma kana tambayar wanne ya fi tsakanin wanda aka ƙera domin wannan babur kaɗai da wanda ake cewa yana shiga kowane babur.

Ta fuskar ɗaurawa, na farkon, irin wanda kamfanonin R&G da Evotech na Ingila suke yi, ramukansa suna faɗawa daidai kan ramukan da ke ƙarƙashin kujera, saboda haka da sifana da ɗan haƙuri za ka gama aikin a tsakar gida. Sai dai ka tabbatar da shekarar baburinka kafin ka biya kuɗi, domin an sauya fasalin MT-07 a 2018, aka sake sauya shi a 2021. Na biyun kuwa fallen ƙarfe ne mai ramuka barkatai, wanda sai an lanƙwasa shi an yi sabon huji, wani lokaci ma sai an je wurin mai walda. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma fifikonsa bai wuce nan ba.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen waya. Na ainihin ƙira yakan zo da 'yar fitilar haska lamba da mazaunin siginarka ta asali, ta yadda za ka zare soket ka mayar ba tare da ka yanke komai ba. Mai shiga kowane babur yakan tilasta maka yanka waya da sayen ƙananan sigina na LED, kuma idan bakanike ya murɗe wayoyin ya naɗe da salatif kawai, ruwan farko da taya ta feso zai shiga haɗin. Ƙari a kan haka, ƙwan sigina na tsohuwar ƙira yana jan wat 10, na LED kuwa bai wuce wat ɗaya ko biyu ba, sai rilay, wato 'yar na'urar da ke sa sigina ƙyaftawa, ya ɗauka ƙwan ya mutu, siginar ta riƙa ƙyaftawa da sauri kamar mai hakiya. Maganinsa shi ne a sauya rilay da wanda aka yi domin LED, ko a ƙara rizista, wato 'yar na'urar da ke ƙara jan wuta kamar tsohon ƙwan, amma rizista tana ɗaukar zafi sosai, kada a jingina ta da roba. Ko wanne ka zaɓa, ka fara cire baƙar wayar kan batir.

Sai tazarar taya. Tayar bayan MT-07 tana iya ɗagowa har milimita 130 idan shok ya nutse, kuma masu ƙera na ainihin ƙira sun auna wannan, alhali a mai shiga kowane babur, idonka ne ma'auni. Lambar da ta yi kyau a tsaye tana iya haɗuwa da taya a rami na farko idan ka ɗauki mutum a baya, ta naɗe kamar murfin gwangwani. Kada kuma a kwantar da ita har ta ƙi karantuwa, kada a jefar da jan madubin nan mai mayar da haske da dare, domin ka huta da jami'an hanya.

Aibi guda suka yi tarayya a kai: doguwar jelar nan ita ke tare taɓo, kuma da zarar ta tafi, duk wanda ka goya da damina zai sauka da zanen laka tun daga ƙugu har ƙeya. Ni dai na ainihin ƙira zan saya, in ɗiga wa notuna Loctite mai launin shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, saboda girgiza, in sake ɗaure su bayan mako guda, in kuma adana tsohuwar jelar da notunanta a leda, in mayar da ita idan ruwa ya zauna.