Fijon Baba da ke ƙarƙashin darbejiya

Yaya, salamu alaikum. Ina fata gero ya shiga rumbu lafiya, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi. Ga labarin tafiyar Faransa da na yi maka alkawari. Amma kafin komai, Fijon Baba da ka ce 'yan jari-bola sun taya, ka dakata tukuna.

Akwai wani dattijo Bature da ke kawo motarsa garejin da nake aiki a Birmingham. Ranar da na fara ganinta sai da na ajiye sifana na tsaya kallo. Fijo 504 ce ƙirar 1974, dangin tamu sak, sai dai sitiyarinta a dama. Yaran garejin ba sa son ta, don ba ta da inda za a jona kwamfuta ta faɗa musu ciwonta. Ni kuwa da kunne na saita mata kafireta, yadda aka koya mana a Ringim. Tun ranar ya ce ba mai taɓa ta sai ni. Da ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci ta shirya zuwa Sochaux, garin da ake ƙera Fijo a Faransa, ciwon gwiwa ya hana shi dogon tuƙi, sai ya ce in zo in riƙe masa sitiyari.

Motoci tara muka tashi, da MG da Jaguar da Volvo da sauransu, ƙaramarsu ta haura shekara arba'in. A Ingila mota in ta cika shekara 40 ana iya yafe mata haraji da binciken shekara-shekara da suke kira MOT, kamar dattijon da aka ɗauke wa aikin gayya. A Dover muka shiga jirgin ruwa da motocinmu, awa ɗaya da rabi sai ga mu a Calais. Akwai hanyar ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, jirgin ƙasa ya haye da kai cikin minti 35, amma dattawan nan ba sauri suke ba. Ni kaɗai na nemi biza a cikinsu, kuma kilishin da na so in yi guzuri da shi a gida na bar shi, don an hana shiga da nama daga Ingila. Yaji da ƙuliƙuli ne suka raka ni.

Muna sauka aka koma hannun dama, irin wanda muke bi a gida tun 1972. Kowa yana ɗari-ɗari, ni ina jin kamar na kama hanyar Gumel. Matsalar ita ce sitiyarin dama: in za ka wuce babbar mota ba ka ganin gaba, sai na gefenka ya leƙa maka. Haka mai motar, da furfurarsa da komai, ya zama yaron mota, yana cewa tafi, dakata.

Hanya kam ba a magana. Manyan titunan na kuɗi ne, ka ɗauki tikiti a shiga ka biya a fita, amma mu ta ƙauyuka muka fi bi, kuma kwana uku ban kauce wa rami ko ɗaya ba. Gidan mai ba kowa a ciki, ka sa kati ka zuba da hannunka ko da tsakar dare ne. Man ma iri-iri ne. Mai arhar, E10, an gauraya shi da sinadarin da ke cin robar tsofaffin motoci, don haka mai tsadar muke sha, mai lamba 98, wasu har da ɗiga wani magani a tanki a madadin dalmar da aka daina sa wa fetur. Ba algus, lita lita ce. Duk da haka na tuna 'yan bumburutun Gujungu da galan da mazurari, su ko ba komai za su ce maka sannu da hanya.

Ranar Lahadi, mun wuce Langres kaɗan, MG ɗin wata malamar makaranta mai ritaya ta fara tari, ta yi shiru. Ƙauyen da muka tsaya tsit kamar an yi shara: ba bakanike, ba mai faci, ba mai shayi, shago ko ɗaya ba a buɗe ba. Ko a ranakun aiki ma da yawa rufewa suke daga sha biyu zuwa biyu su je cin abinci. Matar ta ciro waya za ta kira inshora a turo janwe. Zai zo kuwa, wannan ba shakka, amma zai kai motar gareji ta kwana, Litinin a duba, a yi odar kaya, kuma kuɗin aiki a can da awa ake lissafa shi, ko an gano ciwon ko ba a gano ba. Na ce ta ɗan ba ni dama. Fulogi na ba da wuta, mai ne ba ya zuwa. Na zare tiyon, na hura, na ji a toshe. Tsatsar tanki ce ta cika matatar mai. Na wanke ta, na sa baki na zuƙo fetur na tofar. Matar ta dafe ƙirji tana salati irin nasu, wani yana miƙo min ruwan kurkure baki. Minti ashirin mota ta tashi, suka hau tafi a bakin titi. Abin da yaron gareji a Kwakwaci zai yi kafin ya karya kumallo.

Kada ka ce na raina musu. Wajen kaya sun fi mu nesa ba kusa ba. Ka ba da lambar abu, kwana biyu ya iso ƙofar gida da rasiɗi, in bai shiga ba ka mayar a ba ka kuɗinka. A Ƙofar Ruwa kuwa sai ka san mai shago kafin ya ciro maka na gaske daga ƙarƙashin benci. Sai dai akwai abin da kuɗinsu ba ya saya cikin sauƙi. Gishirin da suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara ya cinye bodin Fijonsu, kuma sun daina ƙera 504 ta ɗaukar mutane a Turai tun 1983, alhali Kaduna da ta fara harhaɗa Fijo a 1975 ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Dattijon nan ya daɗe yana neman ƙofar baya marar tsatsa. Tamu a busasshiyar ƙasa ta tsufa.

Sochaux ta fi kilomita 600 daga Calais, kusa da iyakar Suwizalan. A gidan tarihin Fijo da aka buɗe a 1988 na ji abin da ban taɓa sani ba: iyalan Fijo da ƙarfe suka fara tun 1810, suna yin zarto, da injin niƙa kofi da na masoro, da keke, kafin mota. Zakin nan ma da muke gogewa da tsumma, tambarin zartonsu ne tun asali, wai haƙoransa kamar na zaki. 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975. Na tsaya gaban wata an kewaye ta da igiya, ba a taɓawa. Na ba su labarin yadda Baba ke loda tasa daga Kano zuwa Haɗeja, mutum tara da buhunan gero, akuya a but tana leƙe. Ba su yarda ba sai da na rantse, yanzu kuma hoto suke nema.

Don haka ka sa yara su kwashe kajin da ke ƙwai a kujerar baya, a ɗaga ta a kan bulo tayoyin su bar ƙasa, a rufe ta da tamfol. Kuɗin tamfol ɗin na tura ta hannun ƙanin Inna. Ka buɗe bonet ka ɗauko min hoton ƙaramin farantin da ke ɗauke da lambar shasi, da hoton ƙofofin huɗu ciki da waje. Takardunta kuma ka duba adakar Baba, ina jin suna ƙasan rawunansa.