Sabon bugu na yi oda, tsohon 2014 aka turo min

Wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Player's Handbook na Dungeons & Dragons, wato littafin ƙa'idojin wasan nan da ake zama a teburi wani na jan labari kowa na taka rawar jaruminsa, na yi oda wajen wani mai sayar da littattafai a intanet, hoton da ya saka na sabon bugun 2024 ne ƙarara, mai dodon nan ruwan zinare a bango, kuɗin ma da ɗan sauƙi shi ya sa ban tsaya jan ciniki ba. Kaya suka iso, ina yage leda sai ga ƙaton nan na wuta a bango, wato tsohon bugun 2014, kusurwar ma ta lotse ta ƙasa. Na yi masa magana, wai ai duk Player's Handbook ne. Suna ɗaya ne mana, amma wancan shafi 384 ne wannan 320, kuma kuɗin kawowa ya kusa kamo kuɗin littafin, in na ce zan mayar wa zai biya?

Abin da ya fi ƙona min rai ya san abin da yake yi. Da sabon bugu ya fito tsoho sai ya fara kwantai, sai a nemi wanda za a jibga wa. Dama kasuwar littattafan nan hawa da sauka ce tun asali. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson, waɗanda suka ƙirƙiro wasan, kwafi 1000 kacal aka fara buga musu, kamfanin TSR mai buga littattafan ya zo ya yi tashe a farkon shekarun 1980, daga baya ya cika kasuwa da littattafai bashi ya yi masa katutu har Wizards of the Coast suka saye shi a 1997. Bugu na huɗu ya fito a 2008 mutane da yawa suka ce ba su yi, suka koma wani wasa irinsa, Pathfinder na kamfanin Paizo, har ya zo yana wuce D&D a shagunan wasanni na Amurka wajen 2011. To wannan na 2014 da ke hannuna shi ya farfaɗo da kasuwar, Critical Role, shirin intanet da ake buga wasan a ciki, da fim mai dogon zango Stranger Things suka ƙara masa farin jini, kullen korona a 2020 ya zo mutane na zaune a gida suna ta saya. Shekara 10 ana buga shi, ka ga ai dole ya yi yawa a hannun 'yan kasuwa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, littafin ya yi. Da haushi na buɗe shi, sai ga ni na raba dare a babin tsara ɗan wasa, bayanin dalla-dalla, ko wanda bai taɓa riƙe ɗan ludo mai fuska 20 ba zai gane. Ƙanina da ko Turancin bai gama zama masa ba ya haɗa nasa jarumin, half-orc, wato rabi mutum rabi dodo, mai gatari, yana ta murna. A nan na gane dalilin da ya sa ya yi kasuwa haka, har na ce shikenan na yafe.

Sai da muka zauna wasa haushin ya dawo sabo. Abokinmu da ke jan labarin na 2024 ne a hannunsa, a can babu half-orc a jerin, kuma akwai ƙa'idar ƙwarewa a makami da nawa littafin ko ambatonta bai yi ba. Kowane jifa sai an tsaya musu, wannan ya buɗe shafinsa wancan ya buɗe nasa, rabin daren a gardama ya tafi, yaron nan ya yi tsuru-tsuru da takardarsa a hannu. Yanzu ko dai duk teburin ya koma tsohuwar ƙa'ida saboda ni kaɗai, ko in sake zaro wasu kuɗin in sayi abin da na riga na biya, kuma da tsadar dala a yanzu ba wannan watan ba.